Gidan eko na Filato da maɗaciyar Inna

Tun da muka dawo Tawa ake tsare ni da tambaya ɗaya: gidan ekon nan da kuka kai Inna a Yamai, ya ci kuɗin mota da wahalar hanya kuwa? Ya ci, in dai matsalarka irin tamu ce, wato an riga an yi maka eko, hoton cikin nan da ake ɗauka da sauti, a wani wuri, an hango wani abu a maɗaciya, an kasa ce maka ga sunansa. In awon ciki ne na mai juna biyu, ko duba ƙoda na yau da kullum, yi zamanka, injinan da ke garinmu sun ishe ka. Sunan wurin na bar shi a cikina, tun da akwai yabo akwai suka. Gida ne mai zaman kansa a ɓangaren Filato, aikinsa hoto kaɗai, eko da radiyo, ba a kwantar da kowa.

Inna ta ba shekara 60 baya. Ta daɗe tana kukan ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ciwon da ba kullum yake zuwa ba, sai ta ci abu mai maiƙo, tuwon hatsin da aka malala wa man shanu ko suyar layya. Yakan kama ta bayan isha, ya zagaya baya har ƙasan kafaɗa, kafin asuba ya sake ta. An sha ce mata gyambon ciki ne, ta sha farin maganin nan na ruwa har ya gundure ta, ta haɗa da jiƙe-jiƙen da ƙawayenta ke kawowa. Da aka yi mata eko na farko, abin da ke cikin takardar bai fi layi uku ba: bangon maɗaciya ya yi kauri daga gindinta, akwai abin zargi, a ga likitan tiyata. Ba awo, ba hoto. Wanda ya karanta mana ita ya ɗan yi jim, sannan ya ce ba zai ɓoye mana ba, irin wannan yakan zama ciwon daji. A daren yayana da ke Agadas ya turo kuɗi, ƙanwata ta yi ta kuka a waya, Inna kuwa ta shiga faɗa mana wanda za a ba tumakinta.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a lise, duk shekara sai na zana maɗaciya a allo. Ƴar jaka ce maƙale a ƙarƙashin hanta, tsawonta santimita 7 zuwa 10, tana ɗaukar ruwan ɗaci kimanin mililita 50. Hanta ke yin ruwan, maɗaciya ajiya ce aikinta, in maiƙo ya iso hanji ta matse ta zubo shi. Inna ma ta san ta, don ta sha ganin yadda ake lallaɓa wuƙa a raba ta da hantar rago kada ta fashe ta ɓata nama. Na kuma san tsoron da aka jefa mana ba na banza ba ne, dajin maɗaciya mugu ne, yawanci ba a gano shi sai ya yi nisa. Sai dai akwai wasu cututtuka da ke kumbura bangon nan ba tare da daji ba, kuma a hoto, ga idon da ke sauri, kamarsu ɗaya da shi. Mai raba su muka tafi nema, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita wajen 550, muka sauka gidan wani ɗan'uwa a Bukoki.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi za ka fara cin karo da shi, don haka da shi zan fara. A waya an ba mu randebu ƙarfe 8 na safe, aka ce kada ta ci komai na awa 6 zuwa 8 kafin nan. Wannan daidai ne, don maɗaciyar wanda ya ci abinci a matse take, bangonta ya tattare ya yi kauri ko da lafiyarta ƙalau. Muna isa muka tarar ashe duk wanda ke zaune a falon ƙarfe 8 ɗin aka ba shi. Tike kawai ake miƙa maka ka nemi kujera. Ba a kira Inna ba sai gab da azahar. Ita dai ta saba da azumin Litinin da Alhamis, har tana cewa da ta sani da ta ɗaura niyya ta samu lada biyu, amma kusa da mu akwai wani dattijo mai ciwon suga da hannunsa ya fara rawa, sai da ɗansa ya ɗaga murya kafin aka shigar da shi. Gidan da ke sa mutane su zo da yunwa ya kamata ya san waɗanda ba su iya jure ta, ya raba wa kowa lokacinsa. Ba abu ne mai wuya ba, littafi ɗaya da biro sun isa.

Yarinyar da ke karɓar baƙi Faransanci take yi da Zabarmanci, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ni ban damu ba, amma na ga wata tsohuwa daga wajen Filinge da aka maimaita mata magana har ta haƙura ta gyaɗa kai, kuma na tabbata ba ta fahimta ba. Kuran ya ɗauke sau da dama, inji ya tashi nan take, wannan kam sun shirya masa. Ban ɗaki na da tsabta, da buta da sabulu. Matakalar shiga kuwa ba ta da wurin tura keken marar lafiya. Kuɗin ekon ciki jaka 15 muka biya a kes, aka ba mu rasit ba tare da mun roƙa ba.

To, daga ƙofar ɗakin eko labari ya sake.

Likitar mace ce, Hausarta ta Damagaram. Ta miƙe ta gaida Inna: “Sannu da zuwa, Inna. Ina gajiyar hanya? An barki da yunwa, ki yi mana haƙuri.” Inna ta ce, “Ba komai, ɗiyata, ai mai nema ba ya fushi.” Ta dube ni: “Malam, kai ɗanta ne? In ta yarda, tsaya nan wajen kanta.” Ta ja labule, ta rufa wa Inna zane, ba ta buɗe ko'ina ba sai daidai inda za ta duba. Kafin ta taɓa injin ta karɓi takardar farko ta karanta, ba ta ce uffan a kan wanda ya rubuta ta ba, sai tambayoyi. Akwai sikila a dangi? Inna ta taɓa yin shawara, idonta ya yi ɗorawa? Taifot fa? Ƙafafu na kumbura? An taɓa auna mata ciwon hanta? Ta rame a ƴan watannin nan? Ina tsaye ina gane inda ta dosa. Masu sikila jininsu na saurin fashewa, shi ya sa tsakuwa ke taruwa musu a maɗaciya tun suna yara. Ƙwayar taifot na iya samun mafaka a cikinta. Ciwon hanta, da ciwon zuciya, da na ƙoda, duk suna sa bangon ya sha ruwa ya kumbura alhali ita kanta ba abin da ya same ta. A ƙasa irin tamu da ciwon hanta da sikila suka yi yawa, wanda ya tsallake waɗannan tambayoyi ya tsallake rabin aikin.

Ta matsa man nan mai sanyi, ta ɗora kan injin mai lanƙwasa a ƙarƙashin haƙarƙari. “Inna, ja numfashi ki riƙe. Riƙe, riƙe. To, saki.” Ta bi hanta lungu-lungu, ta auna bututun da ke kai ruwan ɗaci hanji, ta leƙa saifa da ƙoda. Ta danna daidai kan maɗaciyar ta ce a sake jan numfashi, tana kallon fuskar Inna, ba allon ba. Inna ba ta ko motsa ba, alamar babu kumburi mai zafi a lokacin. Sai ta ce ta juya ta kwanta a kan hagu, daga baya ta zaunar da ita. Na tambayi dalili, ta ce tsakuwa in an juya mutum gangarawa take yi, kuma tana jefa baƙar inuwa a bayanta, tsiro kuwa a manne yake, ba ya gangara ba ya inuwa. A cikin ta Inna ba abin da ya gangara.

Daga nan ta yi abin da na yi imani shi ne bambancin wurin nan da inda muka fito. Ta ajiye kan injin mai lanƙwasa, ta ɗauko wani mai shimfiɗaɗɗen baki. Na farkon nisa yake gani, wannan kuwa kusa yake gani amma dalla-dalla, kuma gindin maɗaciya dab yake da fatar ciki, balle ga mace marar jiki kamar Inna. Ta ƙara girman hoton har gindin ya cika allon. Ta daɗe a wurin, tana karkata hannu kaɗan-kaɗan, ba ta magana. Can ta tsayar da hoton ta ce, “Malam, matso ka gani.” A cikin kaurin bangon akwai ƴan ramuka baƙaƙe, ƙanana ƙwarai, kusa da su kuma wasu ɗigo-ɗigo masu haske, kowane da siririn jela fari da ke tsukewa yana dusashewa a bayansa. Ta ce a aikinsu wannan shi ake kira wutsiyar tauraro mai wutsiya. Ta kunna launin da ke nuna gudun jini, ta nuna mini cewa ba wasu jijiyoyi da suka yi cunkus a wurin kamar yadda akan gani a mugun tsiro, kuma iyakar da ke tsakanin maɗaciya da hanta tana nan shar, ba abin da ya keta ta.

Yadda ta yi wa Inna bayani ya burge ni fiye da yadda ta yi mini. Ta ce, “Inna, kin san alkukin da ake ƙwaƙulewa a bangon ɗakin ƙasa a ajiye fitila? To bangon maɗaciyarki ne ya yi kauri a wuri ɗaya, ƴan alkukai suka fito a cikinsa, ruwan ɗaci na shiga yana kwanciya. Abin da nake gani ke nan. Bai yi mini kama da mugun ciwon da aka faɗa muku ba.” Inna ta ce, “Lokotoro, ke nan ba yanka?” Ta ce, “Wannan ba ni zan yanke ba, amma ba abin da za a yi wa gudu ba ne.”

Sunan abin adenomiyomatos. Shimfiɗar ciki ta maɗaciya ce ke yin yawa, ta nutsa cikin naman bangon da shi ma ya yi kauri, sai ƙananan aljifai su samu. Aljifan na ɗauke da sunan mutum biyu, Rokitansky na Biyana da ya bayyana su a 1842, da Aschoff Bajamushe a 1905. Ruwan ɗacin da ya kwanta a ciki yakan fitar da ƙwayoyin kolestarol, sautin injin in ya buge su sai ya yi ta kai da komo a tsakaninsu, shi ne jelar nan da ke fita a allo. Iri uku ne: wanda ke tsayawa a gindi kamar na Inna, wanda ke ɗaure tsakiya ya raba jakar gida biyu, da wanda ke mamaye bangon duka. Na tsakiyar ne ya fi tara tsakuwa, kuma shi likitoci suka fi sa wa ido. An fi samunsa ga waɗanda suka haura 50, kuma cikin maɗaciyoyin da ake cirewa a tiyata bai kai 10 cikin 100 ba. Ke nan mai eko zai iya daɗewa bai gan shi ba, ranar da ya gan shi kuma, in bai canza kan inji ya zauna a kansa ba, daji zai rubuta. Ban ga laifin mai tsoro ba, gara a yi zargi da a yi sake. Amma zargin da ba awo ba hoto, iyali ne ke kwana da shi.

Da na ga tana da sakin fuska, na tambaye ta sauran abubuwan da ke rikita su. Ta ce ƙananan tsiro na kolestarol su ne suka fi yawa, ba su da illa, ana bin su da awo ne kawai, sai wanda ya kai milimita 10 ake maganar cirewa. Akwai wadda bangonta ke daskarewa da alli har a kira ta maɗaciyar tangaran. Wanda ta ce ya fi ba su wahala wani tsohon kumburi ne mai dogon suna, zantogaranulomatos, inda ruwan ɗaci ke tsiyaya cikin bango, jiki ya tara masa ƙulli-ƙulli rawaya, har ya manne da hanta ko hanji. Shi kam, in ji ta, eko da sikana duk yana iya ruɗa su, likitan tiyata ma da ya buɗe ya gani da idonsa yana iya ɗaukarsa daji, sai an yanki naman an sa a madubin ƙara girma ake sanin gaskiya. Na ji daɗin wannan magana. Likitan da ke gaya maka inda injinsa ya tsaya, shi ne nake yarda da shi in ya ce ya gani.

Takardar sakamako ta fito bayan la'asar, wani jiran ke nan, amma ta cika shafi. An rubuta cewa an duba ta da yunwa. Kaurin bango a gindi milimita 9, sauran wurare milimita 2, alhali na lafiya ba ya wuce 3. Bututun ɗaci milimita 5. Ba tsakuwa, ba kaluluwa, hanta lafiya. An manna hotuna, an sa kibiya a kan jelar. A ƙarshe ta rubuta cewa abin ya fi kama da adenomiyomatos na gindi, kuma saboda shekarun Inna da zargin da aka riga aka yi, tana ba da shawarar a tabbatar da hoton IRM, wanda ake ɗauka da babban injin maganaɗisu. Su ba su da injin IRM, ba ta kuma ce mana lalle sai wuri kaza ba, don haka ban ga wata riba da ta ci a shawarar ba. Ta ƙara da wata magana da baki wadda ban so ji ba a lokacin: irin wannan na gindi sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan, saboda haka kada mu ɗora masa duk laifin abin da ke damun Inna, a duba tumbinta ma.

IRM ɗin ya ninka kuɗin eko sau da yawa, a nan ne kuɗin Agadas suka tafi. Ya nuna aljifan a jere, farare ƙal, alamar da suke kira sarƙar lu'ulu'u, wato maganar likitar ta tabbata. Likitan tiyatan da muka gani a asibitin gwamnati ya karanta takardun biyu, ya ɗaga hotunan ekon ya duba, ya tambayi wanda ya yi. Ya ce tun da ba tsakuwa kuma ba daji, ba zai taɓa ta yanzu ba. A zura mata tiyo mai kyamara a duba tumbi, ta rage maiƙo, a sake eko bayan wata 6. In ciwon ya nace da irin salon nan nasa, sai a cire maɗaciyar, kuma mutum na rayuwarsa lafiya ba tare da ita ba, ruwan ɗacin ya riƙa sauka hanji kai tsaye. Yanzu ma ba sai an tsaga ciki ba, da ƴan huji ake yi, aikin da ya bazu a duniya bayan wanda Philippe Mouret ya yi a Liyon ta Faransa a 1987. A asibitin nan ne muka ga amfanin ragin rabin kuɗin da gwamnati ta yi wa asibitocinta tun watan Satumba na 2024. Ragin bai shafi gidaje masu zaman kansu ba, kada wani ya je Filato yana jiran a rage masa.

Mai niyyar zuwa, ya tambaya tun a waya ko likitar ce da kanta za ta duba shi, don na ji a falon cewa akwai ranakun da wani ke zama a madadinta, shi kuwa ban ga aikinsa ba, ba zan yaba ko in kushe ba. Ya zo da duk tsofaffin takardunsa, har waɗanda yake ganin ba su da amfani. In mai ciwon suga ne ya faɗa tun daga ƙofa, ya kuma nace. A riƙo abin da za a ci da an fito, don a layin ba mai abinci kusa, sai da na taka har bakin babban titi kafin na samo wa Inna kunu. Wanda ba ya jin Faransanci ya zo da mai ji, saboda falon, ba saboda ɗakin eko ba. Hotuna kuwa kada a fita ba su.

Ekon wata 6 ba sai mun koma Yamai ba. Takardar da hotunan suna hannun likitanmu a nan Tawa, ya ce shi zai yi, tun da yanzu ya san inda zai ɗora kan injin, da wanda zai ɗauka, kuma yana da milimita 9 da zai gwada sabon awon da shi.